Alhamis ɗin da Aka Tsallake

A wani kamfanin rarraba magunguna da ke birnin Duwala, aikin Endale Dikongue shi ne kula da kalandar babbar kwamfuta. Ita ke gaya wa na'urar wace rana ce ta aiki, wace ce ta hutu, na'urar kuma ta duba ta jero ayyukanta bi da bi, na kullum da na mako da na wata. Ta daɗe a ɗakin nan mai sanyi kamar randa, sanye da rigar sanyi a garin da kowa ke tsiyayar gumi.

A shekarar, ana sa ran ƙaramar Sallah ranar Juma'a, sai ga sanarwa a rediyo ranar Laraba bayan magariba cewa an ga wata, gobe hutu ne. Shugaban sashensu, Kamdem, ya leƙo da makullin mota a hannu.

"Ma Endale, kin ji ko? Sa mana hutu a Alhamis, kada injin nan ya kwana yana amayar da takardu babu mai kwasa."

"Ranka ya daɗe, bari in duba abin da ke kan ranar tukuna."

"Duba me? Ke kullum kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sa ki tafi gida, hadari ya haɗo."

Ta sa hutun, ta ɗauki lemarta.

Akwai wani aiki da ke tashi Alhamis ɗin farko ta kowane wata. Shi ke buga takardun fitar da allurar masu ciwon suga zuwa ƙananan asibitocin gabas, can cikin kurmi. Wanda ya tsara shi tun kafin zuwan Endale ya rubuta cewa in ranar ta faɗo a hutu, a tsallake, bai ce a matsa gaba ba. Alhamis ɗin hutun nan kuwa ita ce ta farkon watan, sai na'urar ta tsallake. Aikin da ya lalace ne ke jawo jan rubutu a allo. Wanda ba a kira ba kuwa shiru kake ji.

Wata ya kusa ƙarewa sai ga wata mata a bakin ofis, da farar rigar 'yan mishan da jar ƙasa ta rine. Sista Ngo Biyong ce, mai kula da ɗaya daga cikin asibitocin. Ruwa ya kayar musu da waya, don haka ta biyo motar katako ta taho da kanta. An tura ta sito, sito ya turo ta sama, har ta ƙare a gaban teburin Endale.

"An ce ke ce mai ba injin izini," in ji ta.

"Uwa, zauna mana. Wane asibiti?"

"Na gaji da zama. Ina allurarmu?"

Endale ta kira tarihin ayyukan watan a allo. Ta bi shi da yatsa, ta kai ranar, ta tarar babu komai.

"Na raba 'yar wadda ta rage har ta ƙare," in ji Sista, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malam Zacharie, shugaban makarantarmu, shi ya ce a fara ba yara. Ranar Lahadi muka binne shi. Na baro wata mai ciki ba ta gane kowa."

Endale ba ta nemi izinin kowa ba, ta tayar da aikin da hannu. Injin buga takardu ya kama ƙara, kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Sista ta tsaya tana kallon takardun suna fitowa.

"Shi ke nan? Abin da ake yi ke nan?"

"Shi ke nan, Uwa."

Sista ta kwashi takardun ta sauka. Ta karɓi allurar cikin akwatunan ƙanƙara a sito ta nufi tasha.

Da aka zauna bincike, Kamdem ya ce sashensa bai yi kuskure ba, na'ura ta bi ƙa'idar da aka ba ta. Endale ta miƙe ta ce da hannunta ta sa hutun ba ta duba ba. Babban darakta ya cire tabarau ya dube ta.

"Madam, in na sallame ki, wa zai riƙe mana kalandar? Zauna."

Laifin ya sauka a kan Pa Ndoumbe, tsohon mai kula da sito, wai ya kamata ya lura takardu ba su sauko ba. Aka kore shi ana saura kaɗan ya yi ritaya.

Ranar Asabar Endale ta ɗauki miyondo, wato dafaffen rogo naɗe a ganye, da gasasshen kifi ta je gidansa a unguwar New Bell. Yana zaune a barandar da ruwa ya ci, ya amsa gaisuwarta da ka. Matarsa ta karɓi ƙunshin ta ajiye a kan benci, ba ta buɗe ba.

"Baba, na faɗa musu gaskiya, wallahi na faɗa."

"Na ji, 'yata," ya ce. "Ni ma ai na ga kwalayen a firji kullum. Na ɗauka an canja musu rana ne."

Da ta koma aiki Litinin, mai amsa waya ta tare ta a matakala. An gyara layin gabas, Sista ta bugo. Ta isa da allurar, amma matar ta riga ta cika, da ita da abin da ke cikinta.