Lallen Goggo Yakaka

Faransanci nake karantawa a jami'a, kuma dokar sashenmu ita ce a aji uku kowa ya je Lome ya yi shekara. Wanda bai miƙa fasfo ba kafin ƙarshen wata, sai ya jira baɗi. Ni kuwa da ƙyar na samu ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu a Dutse, wata Talata.

Ranar Lahadi Goggo Yakaka ta kwaɓa lalle. Ita ta raine ni tun ina goye, kuma rabin amaren unguwarmu a Haɗeja ita ta yi wa ƙunshi.

"Miƙo hannu, Zulfa," in ji ta.

"Goggo, hoto fa kawai za ni, ba biki ba."

"To shi ya sa. Hoton da za a gani a ƙasar wasu ki shiga da hannu fari fat? Sai a ce ba ki da kowa."

Na ce mata fuska kaɗai ake ɗauka. Ta yi kamar da bango nake. Wa ya isa ya ja da Goggo? Na miƙa, lalle ya kama har kan yatsun ya yi baƙi.

Talata na yi sammako. Ruwa ya cinye hanya, direba ya yi ta zagaye da mu, sai azahar muka isa. Na ɗora yatsu a kan na'ura, ta ƙi. Jami'in ya goge gilashin, na sake, ta ƙi. A karo na biyar ya juya tafina ya duba.

"Malama, amarya ce?"

"A'a, Yallaɓai, ɗaliba ce."

"To, ɗaliba, sai lallen nan ya tashi. Ki dawo."

Na yi magiya har da hawaye, ya ce ba shi ya ƙi ba, na'ura ce. A mota ban kula kowa ba, takaici kamar ya kashe ni. Shekara biyu ina murɗa harshe, a ƙarshe ganye ya tare ni!

Kwana tara suka rage. Ba abin da ban goga ba: lemon tsami, toka, man goge baki, har dutsen goge kaushi. Yatsuna suka saɓule. Na koma ana saura kwana biyu, aka ce yanzu kuma zanen ne ya shafe, in bari fata ta warke. Ranar Juma'a aka turo jerin masu tafiya a waya. Na karanta sau uku, babu sunana.

Da la'asar ina zaune a tsakar gida, Goggo ta zo da man kaɗanya tana shafa min a yatsu.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Injinan nan ba sa shiri da lalle. Ni ma lokacin katin zaɓe haka suka yi min, sau biyu ana mayar da ni."

Na janye hannuna.

"Goggo, da ma kin sani?"

Ba ta ɗago ba. Ta sake kamo hannun ta riƙe gam.

"Shekara guda fa suka ce, Zulfa. Ni shekara nawa kike ganin ta rage min?"