Shuɗiyar Tuta a Gadar Willemstad

Ƙararrawa ta kaɗa Ireno yana tsakiyar gada. Mutane suka zuba da gudu zuwa ɓangaren Otrobanda. Shi bai yi gudu ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a matatar mai, ko ranar gobara da tafiya ya fita. Ba zai fara yau a gaban baƙi ba.

Saura taku goma ya kai aka rufe ƙofar gadar. Injin gadar ya yi gurnani, gadar da ke kwance kan kwale-kwale ta saki gaɓa, ta juya a kan ruwa don jirgin ruwa ya wuce. Ya ɗaga kai. Shuɗiyar tuta aka sa, wato za a daɗe.

'Yarsa Marelva tana tashar Otrobanda da akwatunanta, ƙarfe huɗu motar filin jirgi za ta tashi. Ƙasar Holan za ta, aikin jinya. Tun ranar da ta faɗa masa, wata uku ke nan, bai ce mata uffan ba.

"Shon Ireno!" Wato Malam Ireno. Chela ce, maƙwabciyarsa mai sayar da kifi, zaune kan kwandonta. "Ni gwiwa ce ta ci amanata. Kai fa? Haifaffen gari, gada ta kama ka kamar ɗan yawon buɗe ido?"

"Iska nake sha."

"Da rigar zuwa coci, ranar Talata?"

Jirgin ya shigo a hankali, fari fat, ya fi gidajen Punda, ɓangaren da Ireno ya baro, tsawo. Turawa a sama suna ɗaukar su hoto.

"Da, jiragen mai ke bi nan, da guminmu a ciki," in ji shi. "Yanzu otal ke yawo a ruwa."

"To yaran su zauna su ci me? Hayaƙin matatar da ta mutu?" Ta zaro waya daga zaninta. "Saura minti shida. Ungo."

"Ba na magana da 'yata a wayar mutane."

"Girman kai dai rawanin tsiya." Ta danna lambar Marelva da kanta, ta miƙa.

Wayar ta yi ƙara sau uku a hannunta kafin ya karɓa.

"Anti Chela?" in ji Marelva.

"Ni ne."

Yana jin injin mota ta can.

"Baba, kana ina?"

"Kan gada. Ta buɗe."

"Direba ya ce mu shiga. In jira ka? In na jira, jirgin sama..."

Ireno ya dubi gaɓa. Ga rufin tashar can, tafiyar minti biyar, ruwa a tsakani. Ya san 'yarsa. In ya ce ta jira, za ta jira.

"Ki shiga," ya ce. "Can akwai sanyi. Ki nemi riga mai kauri."

Ya mayar wa Chela wayar, ya riƙe ƙarfen gadar da hannu biyu. Har yanzu rabin jirgin ruwan bai wuce ba.