Littafin da Gara Ta Ci Ƙarshensa

Tun rasuwar mijinta, Glenys Harker ba ta da abokin gardama sai maƙwabcinta Merv Pascoe, in har za a kira mutumin da ke nisan awa biyu a mota maƙwabci. Dukansu tumaki suke kiwo a jar ƙasar da ke arewa da garin Broken Hill, a Ostireliya. Duk Alhamis motar wasiƙu kan ajiye mata tsohon littafin binciken kisa daga Merv a duron bakin shinge, ta ɗauki na makon jiya. Ran Lahadi da yamma sai su hau oba-oba, rediyon da gidajen yankin ke magana da juna ta cikinsa, su fafata.

Merv ya fi son littafin da ɗan sanda zai zauna a mashaya, ya bar mutane su yi ta zuba har mai laifi ya tona kansa. Glenys kuwa cewa take wannan lalaci ne tsantsa. Ita a ba ta wanda zai durƙusa a rairayi ya gano inda doki ya ɗingisa. Kuma ba ta yafe wa marubucin da ya sa ɗan daji ya rufe ƙofar shingen da ya tarar a buɗe, don a ƙa'idar makiyayan yankin, yadda ka tarar da ƙofa haka za ka bar ta.

Sai dai tun lokacin askin tumaki idonta ya fara hazo, har ƙananan haruffa suka gagare ta. Ba ta gaya wa kowa ba, don ɗanta Craig kiris yake jira ya sayar da gonar ya kai ta gidan tsofaffi a birnin Adelaide. Oba-oba kuma ba ta da sirri: kowane gida a yankin na saurare, kafin shayi ya huce magana ta kai wa Craig. Abin da ya rufa mata asiri shi ne duk littattafan Merv ta karance su tun tana budurwa. Takan lallaɓa ta karanta sunan a bangon littafin, sauran kuma ta zaro daga ka.

Wata Lahadi ta daɗe tana yabon ƙarshen wani littafi, yadda aka gano gawar a rijiyar shanu. Sai Merv ya katse ta.

“Har ƙarshe kika kai, Glen?”

“Da can a tsakiya nake tsayawa, tsohon banza?”

Ya ce a'a, ya yi sallama. Jikinta ya ba ta. Ta ɗauko littafin ta shafa bayansa, sai yatsanta ya nutse. Gara ta cinye babin ƙarshe kakaf. Da idonta lafiya, da tun Alhamis ta tsige Merv a kan haka, duk yanki na ji. Tsoro ya kama ta sosai. Duk makon, da waya ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Craig bai kira ba. Da Lahadi ta zagayo, Merv ya hau oba-oba da faɗa, wai ya gaji da halinta, tsallake shafuka take yi sannan ta zo ta fi kowa baki.

“Daga yau ni zan riƙa karantawa a nan, babi ɗaya kullum, don kada wani ya yi ha'inci. Wanda bai so ya kashe rediyonsa.”

“Da wannan muryar taka ta tsohon rago?”

“Da ita. Gyara zama.”

Ta gyara zama, ta riƙe kofin shayinta da hannu biyu. Bai kai shafi na uku ba ta gane wannan littafin ba ta taɓa karanta shi ba. Nemo shi ya yi takanas. Hawaye suka zubo mata. Rabon da ta zauna ba ta san wanda ya yi kisan ba, har ta manta.