Iskar da Ta Durƙusar da Baba

Baba ya tsufa a kan turakun lantarki, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Shi ya sa da 'yarsa ta roƙe shi ya zo ofis ya gwada aikinta, ya karkata hula ya taho yana taku ɗai-ɗai.

Aikin na koya wa sababbin ma'aikata hawa ne ba tare da sun bar ƙasa ba. Mutum zai sa wani tabarau mai rufe ido ruf, sai ya ga kansa can ƙolin turke. Shugabanta kuwa ya riga ya faɗa mata, in tsohon hannu bai gamsu ba, za a jingine aikin.

Baba ya sa tabarau, ya leƙa ƙasa, ya kwashe da dariya.

"Wannan ne tsayin? Ai ko akuya ta dire!"

Shugaba ya fara latsa wayarsa. Yarinya ba ta gargaɗi uban ba, ta maƙala masa abin sauraro a kunne, ta murɗa sauti har ƙarshe. Hoton bai canja ba ko kaɗan. Iska ce kawai ta fara kaɗawa a kunnensa, ƙarfe na kuka, ƙahon mota na tasowa daga can ƙasa siriri kamar na sauro.

Dariya ta ɗauke ɗif.

"Ke, wa ya ƙara wa abin nan tsawo?"

Ya durƙusa, ya laluba, ya rungume ƙafar tebur ƙam-ƙam.

"Wayyo Inna!"

Dattijo mai furfura, a tsakiyar ofis! Ma'aikata suka toshe baki, dariya na kuɓuce musu ta hanci. Shugaba ya tafa, ya ce aiki ya karɓu.

Yarinya ta zare masa tabarau. Baba ya ga dardumar da yake kai, ya ga takalman mutane kewaye da shi. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta samu abin da take so, amma ta san da me ta saye shi.

Sai a bakin ƙofa ta iya buɗe baki.

"Baba, ka yafe mini."

Bai dube ta ba.

"Aikinki ya yi kyau, 'yar nan. Amma da a gida kika fara gwada ni, ai da a gabanki kaɗai na faɗi."