Ɗakin Jan Bulo

Tsagar da ke bangon ɗakin Almu ta yi faɗin da ɗansa Uwaisu yake zura hannu a ciki ya taɓo iskar waje. Kowace shekara haka take yi. Baƙar ƙasar Jazira, a nan Sudan, ta sha ruwan damina ta kumbura, rani ya zo ta bushe ta dare, bango kuma ya bi ta. Sai Almu ya kwaɓa laka da kashin shanu ya liƙe, ya wanke hannu, ya ce ai ya isa haka, kwana nawa ne.

Wannan "kwana nawa" ta girmi Uwaisu nesa ba kusa ba. Mutanen Zango, wani ƙauye a gefen Wad Haddad, ba sa ɗaukar kansu mazauna. Iyayensu sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a nan, suka tsaya tsinkar auduga don su ƙara ƙarfi. Auduga ta yi ta fitowa, 'ya'ya suka yi ta zuwa, maƙabarta ta kusa fin ƙauyen girma, amma har gobe in ka tambayi dattijon Zango sai ya ce maka shi matafiyi ne. Shi ya sa ba mai gina jan bulo. Bukka ko ɗakin laka, abin da mutum zai iya bari ba tare da waiwaye ba. Kuma ba mai kama hanyar yamma, domin a wurinsu wanda ya koma gida bai ga Makka ba ya juya wa Ɗakin Allah baya.

To, a tsakiyar irin waɗannan mutane ne aka haifi yaron da ba abin da yake so a duniya sai gini.

Uwaisu ya gama sakandare a Madani da sakamakon da malamai suka yi ta nuna wa juna. Karatun tsara gine-gine yake so. A Khartum aka ce taimakon gwamnati sai mai jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, shi kuwa ubansa a goye aka shigo da shi Sudan. Sai ƙofa biyu suka buɗe a waje, ɗaya a Alƙahira, ɗaya a Zariya, kowacce tana jiran amsarsa kafin damina ta ɗauke.

Tun daga nan zama ya gagare shi. Ya ɗauki cokali ya ajiye, ya fita ba ya sanin inda za shi, sai ya tsinci kansa a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, yana kai da kawowa kamar mai neman akuyar da ta ɓace. In ya nufi arewa sai ya zaɓi Alƙahira: Larabcinsa ya fi Hausarsa, abokansa can za su, ga siminti da ƙarfe da benaye, ga jirgin ƙasa da na ruwa da za su dawo da shi gida duk hutu. In ya juyo sai duk wannan ya zube. A Zariya da Turanci ake koyarwa, kuma ya san za a yi wa Hausarsa dariya, wadda rabinta Larabci ne. Amma ta can yamma ne gidajen da kakansa ya gina suke.

Laifin Inna Dije ne, yayar Almu. Ita da wayonta aka taso, kuma tun Uwaisu yana ƙarami ta cika masa kunne da labarin ubansu Mahadi, magini, wanda yake ɗaure azara ya tayar da soro mai bakan gizo, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Ranar da zai bar gida ya yi alkawarin ba zai ƙara aza tubalin zama ba sai ya ga Ka'aba. A gonar auduga ya rasu, Almu ya gaji alkawarin ba tare da ya gaji sana'ar ba. Uwaisu bai taɓa ganin ginin ƙasa da ya fi mai shi tsawon rai ba, kuma yana son ya gani, so mai hana mutum sakewa.

Da ya kai maganar gaban ubansa, Almu bai ɗaga murya ba.

"Masar kwayyis, ba laifi," ya ce. "Ko ƙasar Turawa ka ce za ka, in sa maka albarka. Yamma kau, a'a. In ka tahi, ka tahi ba da bakina ba."

Uwaisu ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ya ce karatu za shi ba komawa ba, ya ce yanzu mutane ta sama suke zuwa Makka su dawo cikin wata guda. Almu ya saurare shi tsaf, sannan ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Abin da ya fi ci wa Uwaisu rai ke nan: da ubansa ya zage shi, da ya sami abin da zai riƙe ya tafi da fushi.

Inna Dije ce ta kasa haƙuri. Wata rana bayan la'asar, Uwaisu yana bayan zana yana gyaran keke, ya ji ta ta tsare ƙaninta a tsakar gida. Ta tuna masa cewa ita ta goya shi a hanyar Darfur, saboda haka ba zai yi mata wa'azi ba. Ta ce tun yaushe ake cewa baɗi za a ƙarasa, ga shi haƙoranta sun riga ta tafiya. Sannan ta faɗi abin da ba a faɗa a Zango. Ta ce dangin da aka baro can sun ɗauka tuntuni an sauke farali, wataƙila har Alhaji suke kiran marigayi Mahadi. In yaron ya je, tambayar farko da za su yi masa ita ce ko an kai.

"Tsoron Allah kaka yi, Almu, ko tsoron tambaya?"

Uwaisu ya matso kusa. Ya leƙa ta kafar zana, ya ga ubansa zaune a kan turmi yana kallon tafin hannunsa, hannun da ya ƙare a noman hawashar wani, wato gonar haya, ana raba masa kashi. Tausayi ya kama shi har ya ji kunyar kansa. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da jinsiyya, ba shi da gida mai tsayawa. Abu ɗaya ya mallaka, shi ne yana kan hanya. Uwaisu ya ajiye keken, ya yanke shawara: Alƙahira.

Washegari da hantsi ya sami ubansa a gona yana buɗe wa ruwa hanya tsakanin kunyoyi. Ya durƙusa a kan taɓo ya gaya masa. Ya ma ƙara da yabon Masar, ya ce dama ita ta fi, Zariya zumuɗi ne kawai na ƙuruciya. Almu ya dube shi ya daɗe.

"Ba ka iya ƙarya ba, ya walad, yarona," ya ce. "Uwarka ma haka take."

Ya toshe ruwan, abin da ba ya yi sai ya gama layi, ya ce su je gida. Ya shige gaba. Uwaisu yana biye da shi, yana ta tunanin abin da ya faɗa ba daidai ba. Da suka isa, Almu ya shiga ɗaki ya fito da igiyar ɗaurin buhu, ya tsinke turaku daga dangan akuyoyi, ya wuce filin da ke ƙofar gida, inda duk mai zuwa masallaci zai gani. Ya miƙa wa ɗansa bakin igiyar.

"Auna mini ɗaki. Na jan bulo."

Uwaisu ya tsaya da igiyar a hannu. Ya ce bai gane ba, ko da yake ya gane sarai.

Almu ya yi masa bayanin a hankali, yadda ake yi wa mai koyon karatu. Ya ce dokar ta matafiya ce. Ɗan matafiyi in ya nufi yamma ya juya baya. Amma mutumin da ya zauna, ya gina gidansa, ɗansa yana iya zuwa ko'ina neman ilimi, Zariya ko Masar duk baƙunci ne. Ya ce in an tambaye shi can, ya ce shi ɗan Sudan ne, daga Jazira, kuma ubansa yana da ɗaki.

"Baba, alkawarin Kaka fa?"

"Na riƙe shi iyakar ƙarfina. Ja igiyag ga, ta yi sanyi."

Uwaisu ya ja. Abin da ya yi watanni yana nema ya zo hannunsa, amma ba farin ciki ya ji ba, nauyi ya ji, irin na wanda aka sayar da abin gado don a yi masa riga. Ya so ya ce a bari, ya fasa. Sai dai ubansa ya riga ya kafa turken farko, kuma Inna Dije ta fito bakin ƙofa ta tsaya tana kallo.

Mutane suka fara wucewa sallar azahar. Wasu suka rage tafiya, wasu suka kau da kai. Malam Gado, limamin Zango, wanda suka yi karatun allo tare da Almu, ya tsaya da butarsa. Ya dubi igiyar da ta yi kusurwa huɗu a ƙasa, ya dubi zurfin da ake kafa turakun.

"Almu," ya ce a hankali, "an fasa ke nan?"

Almu bai ɗago ba. Ya gyara turken ƙarshe da yatsunsa, ya ɗauki dutse.

"An iso, Malam," ya ce, ya ci gaba da bugawa.