Man Badaru

"Wanne za a kankare, Hajiya? Sunan kaɗai, ko har da lambar waya?"

Mainasara mai fenti ya tsaya da samfefa a hannu yana jiran amsa. Haulatu ta dubi bayan keken Napep ɗin. Rana ta ci jan fentin, amma rubutun yana nan ɓaro-ɓaro: BADARU MAI MAN GYAƊA DA ƘULI-ƘULI, DAURA. A ƙasa kuma ga lambar waya da zanen jarka.

"Sunan kaɗai," ta ce. "Wayar tana hannuna."

Wayar ce ma ta fito da ita daga gida. Tun da mijinta ya rasu ba ta daina ƙara ba. Masu ƙosai da masu shaguna daga Mai'adua da Zango su kira, su ce a ba su Badaru. Ta ce Allah ya yi masa rasuwa. Su yi salati, su yi addu'a mai tsawo, su kashe wayar. Ba mai tambaya ko akwai mai. A wurinsu an binne man tare da mai shi. Har ta fita takaba jarkoki na jere a ɗaki, ƙuli-ƙuli na yin sanyi a buhu, ga yara suna jiran tuwo.

Alhali Badaru bai taɓa soya gyaɗa ba a rayuwarsa. Ita ke suya, ita ke shiƙa, ita ke durƙusawa kan tunkuza tana matsa har kafaɗunta su mutu. Nasa ɗauka ne da kaiwa da daɗin baki. Ranar da suka sayi keken ma, shi ya ce a rubuta sunanta. Yayansa Sada ya hana, ya ce ba a yawo da sunan matar aure a titi kowane ɗan tasha yana karantawa. Haka ake faɗa, kowa kuma ya yarda. Har yau dai ba a sami wanda ya bayyana abin da titi ke yi wa sunan mace wanda ba ya yi wa na namiji ba. Ita ma a lokacin ta yarda, har ta ji kunya da aka kawo zancen. Badaru ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan. Ni in sha suna, ke ki sha hayaƙi."

Yau da safe Sadan ya tare ta a zaure.

"Ko shekara bai yi a ƙasa ba, za ki kankare sunansa?"

"Yaya, mutane sun ɗauka sana'ar ta mutu."

"A ce wa mutane ba ta mutu ba mana."

"Na faɗa. Abin da ke jikin keken suke ji, ba ni ba."

Ya kaɗa riga ya fita bai yi mata sallama ba.

Mainasara ya fara gurzawa daga farkon sunan. Jan gari ya riƙa zuba a ƙasa. Malam Kalilu, aminin marigayi wanda ke tuƙa keken yanzu, ya juya baya yana kallon masu wucewa kamar yana neman wani.

"Ni na rubuta wannan, ai," in ji Mainasara, bai ɗago ba. "Marigayi ya tsaya a kaina yana cewa jarkata ta yi kama da buta. Na ce to kawo buroshi ka zana taka."

"Buta ce kuwa," Kalilu ya ce. "Har yau buta ce." Ya ɗan yi dariya, ya sake juya baya.

Haulatu ba ta kau da kai ba. Kowace safiya ta leƙo daga zaure ta ga waɗannan haruffa suna nisa har su sha kwanar layi. Ta san inda ruwan sama ya ɗan zubo da wutsiyar na ƙarshe. Ta tsaya har wurin ya koma ƙarfe tsirara.

"Me za a sa?"

"Haulatu."

"Haka kawai? Yanzu kowa ƙara wa sunansa kaya yake. Ko a sa Hajiya, ko a sa 'da 'Ya'yanta'?"

"Ban je Makka ba. Sa Haulatu."

Da fentin ya sha iska suka loda jarkoki suka kama hanyar Mai'adua. Yau ce rana ta farko da ta bi kayanta zuwa inda ake sayensu. Ta zauna a baya cikin hijabi, ƙafafunta a matse tsakanin jarkoki, tana kallon gonakin geron da Badaru yake ba ta labari in ya dawo.

Kalilu ya tsaya a bakin tasha, gaban wata dattijuwa mai ƙosai, Hadiyya, wadda ta daɗe tana sayen mansu. Matar ta zagayo bayan keken, ta sa wani mai shayi ya karanta mata, sannan ta tafa hannu.

"Allah sarki! Har sun sayar da keken Badaru? Kai, magada ba su da ta ido."

"Ba sayarwa aka yi ba, Inna," Kalilu ya fara. "Ai wannan da kike gani..."

Haulatu ta taɓa bayan kujerarsa. Ya yi shiru. Ta san in aka faɗi ko ita wace ce, ta'aziyya za a sake yi mata, a gaban tasha guda, ita kuwa ba ta da sauran ƙarfin amsawa.

"Mai muka kawo, Inna," ta ce.

"Baiwar Allah, ni ba na sayen man baƙo. Man Badaru na saba. Mutumin nan ya san mai. In na zuba shi a kasko, daga can bakin kasuwa ake jiyo ƙamshi. Ba kumfa, ba gauraye. Tun da ya tafi nake ta fama da na 'yan algus. Irin nasa ya ƙare."

Haulatu ta kwance murfin jarka ɗaya, ta miƙa mata. Hadiyya ta tsoma ɗan yatsa, ta murza, ta shinshina, ta ɗora a harshe. Ta daɗe tana juya shi a baki.

"Ba laifi," ta ce. "Ya yi kusa da nasa. Sauke mini guda in gwada." Ta goge yatsan a zani. "Amma kada ki ji haushi, 'yar nan. Bai kai nasa ba."

Kalilu ya buɗe baki. Haulatu ta riga shi.

"Gaskiyarki, Inna," ta ce, tana mayar da murfin a hankali. "Bai kai ba."