Daga Azahar Zuwa Azahar

Abdulhakim ya yi shekaru yana karatu a Kanada, amma tsarabar da ya kawo wa Tasawa ita ce doka. Can, in ji shi, ƙarti na bin ɗan faifai da sanduna a kan ƙanƙara, kuma idan ƙungiya ta gaji da ɗan wasa sai ta sanar ta sake shi na kwana guda. Duk mai so ya ce yana so kafin lokaci ya cika, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ce kan gaba. In ba mai so, ya zauna inda yake, ya sha kunya.

Mu da ƙanƙararmu ba ta wuce ta zoɓo ba, sai ga shi Sharifu, shugaban gasar ƙwallon ƙauyukanmu, ya ce dokar ta yi masa. Ya yanka wa'adi daga azahar zuwa azahar, mai so kuma ya zo gabansa da ƙafarsa, don shi maganar waya iska ce.

Wanda ya fara gwadawa shi ne Na Allah, mai horar da ƙungiyar unguwarmu. Imrana, mai tsaron gidan ƙungiyar, ɗan ƙaninsa ne, shi ya rene shi, kuma babu mai hannu irin nasa daga nan har Mayahi. Sai dai ya fara zuwa horo a makare. Na Allah ya sake shi ranar Talata don ya tsorata shi kawai, yana ganin ba wanda zai ji labari sai an gama.

Laraba, masallacin bakin kasuwa na kiran azahar, Na Allah ya miƙe a rumfar Sharifu yana dariya.

"To Imrana, ka gani? Ko kare bai tambaye ka ba."

Bai rufe baki ba sai ga babur ya tsaya. Hammadu ne na Korgom, mai ƙungiyar da ba ta ci wasa ko ɗaya ba tun kaka, ƙura har gira.

"Ranka shi daɗe, mun zo ɗaukar mai tsaron gida."

"An yi kira, lokaci ya wuce," in ji Na Allah.

Sharifu ya dube shi a tsanake. "Wa ya yi kira? Waɗanga masu gaggawa? Ni tun kakana ban san azahar ba sai ta masallacinmu, shi ko ladaninmu bai ko yi alwala ba."

Aka juya ga Abdulhakim, ya ce su Kanada da agogo suke aiki. Ba wanda ya saurare shi.

Nan Na Allah ya daina dariya, don da gaske yana son yaron. Ya ja shi gefe.

"Ka ce ba ka zuwa. Wasa nike, ka san ni."

Imrana ya kalli Hammadu da ke tsiyayar gumi, ya ɗauki safar hannunsa.

"Baba, mutumin ga tun daga Korgom ya taho cikin rana sabili da ni. Kai ko tun ina ƙarami ban taɓa jin ka ce kana so na ba."

Ya hau bayan babur.